Yadda yaro mai jinkirin magana ko otizim ke koyon sababbin kalmomi: tambayoyin iyaye a Garwa da amsoshinsu

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawa a bakin iyaye mata, da ɗaiɗaikun iyaye maza, a zaman da muke yi da masu irin waɗannan yara a Garwa, arewacin Kamaru. Wasu kuma sun zo ta waya daga Marwa, Ngaundere da Kuseri. An bar su kusan yadda aka yi su.

Malama, ɗana ya shekara biyu bai fara magana ba. Kakarsa ta ce haka ubansa ya yi. In jira?

Mai yiwuwa gaskiyar kaka ce, domin yara da dama suna makara sannan su kamo sa'o'insu. Sai dai jinkirin magana yana bin jini, saboda haka in uba ya makara, wannan ƙarin dalili ne na sa ido a kan ɗan. Yawancin yara suna faɗin kalmar farko wajen shekara ɗaya, kuma kafin su cika biyu suna da kalmomi wajen 50, suna haɗa biyu-biyu kamar "Mama zo" ko "ba ruwa". A kai yaro a duba shi in ya kai wata 12 ba ya gwaranci kuma ba ya nuna abu da yatsa, ko wata 16 babu kalma ko ɗaya, ko wata 24 ba ya haɗa kalma biyu. Wanda ya fara magana sannan ta ɗauke, shi ba a jira da shi ko kaɗan.

Kunne ake fara dubawa. Muna cikin yankin sanƙarau da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, kuma sanƙarau kan bar yaro da kurumta. Haka ma ciwon kunne mai zubar da ruwa, wanda muke rainawa. Yaro na iya juyowa in an buga ƙofa alhali ba ya jin ƙananan sautukan magana, don haka gwajin tafa hannu a bayansa bai wadatar ba.

Mene ne bambancin matsalar harshe da otizim?

Yaro mai matsalar harshe yana son mutane, yana kallon fuskarki, yana nuna miki abu, yana wasa da yara, amma kalmomi ba sa zama a kansa kuma jimlarsa a karye take, ba tare da kurumta ko wata cuta da za a jingina abin gare ta ba. Binciken da aka yi a Amurka a 1997 da wanda aka yi a Ingila a 2016 duk sun sami kusan yara 7 cikin 100 da wannan matsala. A ajin da ke da yara 60, ana maganar wajen huɗu ke nan, kuma galibi su ne ake wa laƙabin daƙiƙai.

Otizim, wanda wasu ke kira galahanga, ya wuce batun kalmomi ya taɓa mu'amala kanta. Ki kira sunansa ya yi kamar bai ji ba, ba ya kawo miki abu don kawai ki gani, yana jera murafun kwalba awa guda, yana kaɗa hannu, ƙarar injin niƙa na sa shi toshe kunne, canza masa hanyar zuwa gidan kaka kuwa tashin hankali ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100, kuma an fi gano shi a maza. Wani mai otizim yana magana tar, wani ba ya cewa uffan.

To ta yaya ma yaro ke koyon kalma? Ai ba wanda ya zaunar da sauran 'ya'yana ya koya musu.

Haka ne, kuma shi ya sa ba ma lura da girman aikin. Ki ɗauka kina tsakar gida kin ce "ɗauko ludayi". A gaban yaro akwai ƙwarya, tukunya, murhu, kaza na wucewa, ga hayaƙi. Sai ya ware sautin "ludayi" daga cikin maganar, ya gano wane abu kike nufi, ya riƙe sautin da ma'anar har gobe, sannan ya gane cewa ludayin maƙwabta ma ludayi ne ko da girmansu ya bambanta. Aiki huɗu ke nan, kuma ko wanne na iya tsayawa.

Yawancin yara suna da dabarun da ba wanda ya koya musu. Babba a ciki ita ce kallon idon mai magana: in ya ji sabuwar kalma sai ya ɗago ya ga inda kike kallo. Wata kuma ita ce cirewa, wato ya san ƙwarya, ya san tukunya, to sabon suna na abin da bai sani ba ne. A 1978 Susan Carey da Elsa Bartlett sun gwada wannan da yara 'yan shekara uku a Amurka. Malamarsu ta ajiye faranti biyu, ɗaya mai launin da suka sani, ɗaya mai launin zaitun, ta aiki yaro ya ɗauko mai baƙon launin da wani suna da bai taɓa ji ba. Yaran suka ɗauko daidai, kuma bayan kwanaki da dama daga cikinsu suna riƙe da wani abu na kalmar, daga ji ɗaya tak. Amma masu binciken da kansu sun nuna cewa wannan kamun farko ne kawai, cikakken sanin kalma yana ɗaukar watanni.

A ina abin ke kuɓuce wa mai otizim?

Galibi a wajen kallon nan. A 1997 Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa sun ba yara abin wasa a hannu, mai gwajin ya riƙe wani daban, ya kalli nasa ya faɗi sabon suna. Yawancin yaran da ba su da otizim sun ɗago sun bi idonsa. A cikin masu otizim, waɗanda suka yi haka ba su kai ɗaya cikin uku ba. Sauran sun liƙa sunan ga abin da su suke kallo a lokacin.

Tun a 1943 likita Leo Kanner, wanda ya bayyana otizim a kan yara 11, ya kawo irin wannan. Na farkon yaran, Donald Triplett, mahaifinsa ya taɓa ce masa in yana so a ɗora shi a kafaɗa ya ce "e". Yaron ya daɗe yana ɗaukar cewa ma'anar "e" ita ce a ɗora shi a kafaɗa. Ya koyi kalmar sarai, wurin da ya ɗaura ta ne ba daidai ba.

Abin yi a nan shi ne jigon duk wannan shafi. Tunda yaron ba ya bin idonki, ke ki bi nasa, ki faɗi sunan abin da yake kallo a daidai lokacin da yake kallonsa. Ga shi tsugune a bakin randa yana tsiyayar da ruwa daga buta, yana kallon yadda yake bin ƙasa. Abin da muka saba shi ne a ƙwace butar a daka masa tsawa. Maimakon haka ki tsuguna a gabansa, fuskarki daidai da tasa, ki ce "ruwa". Ya sake zubawa, ki ce "ruwa, zuba". Buta ta ƙare, ki ce "babu!" ki buɗe hannu. Ki ɗebo a moɗa ki riƙe kusa da fuskarki, ki yi shiru ki ƙirga biyar a zuci. In ya kalle ki, ko ya miƙo buta, ko ya ce "wa", ki ce "ruwa!" ki zuba masa nan take. Kin yi asarar buta uku, shi kuma ya ji kalmar sau goma sha a lokacin da hankalinsa ke kanta.

Michael Tomasello da Michael Farrar sun nuna a 1986 cewa ƙananan yara sun fi kama sunan abin da suka riga suke kallo a kan wanda aka janyo hankalinsu gare shi. A 2002 kuma Michael Siller da Marian Sigman sun bi diddigin yara masu otizim, suka ga waɗanda iyayensu ke bin hankalinsu a wasa sun fi sauran magana har bayan shekara 10 da 16.

Ina nuna masa abu ina cewa "mene ne wannan? ce kofi!" amma sai ya tashi ya bar ni.

Ni ma da zan tashi. Tambaya jarrabawa ce, kuma ba a jarraba mutum a kan abin da ba a ba shi ba tukuna. Ki rage tambaya ki yawaita faɗa. Jimlarki kuma ta ɗara tasa da kalma ɗaya kawai: in ba ya magana ki yi kalma ɗaya-ɗaya, in ya ce "ƙosai" ki ce "ƙosai zafi" ko "ci ƙosai". In ya ce "tami" kada ki ce ba haka ba ne, ki ce "e, takalmi" ki wuce.

Yau ya faɗi kalma, gobe kamar bai taɓa jin ta ba. Sau nawa zan maimaita?

Wannan ita ce babbar wahalar yaro mai matsalar harshe. Yana bin ido lafiya lau, yana gane abin da ake nufi, amma sautin kalmar ba ya kama. Holly Storkel ta Jami'ar Kansas ta wallafa wani gwaji a 2017 da yara 'yan shekara biyar zuwa shida masu wannan matsala, inda ake karanta musu littafi ana bayyana sababbin kalmomi. An kwatanta jin kalma sau 12, 24, 36 da 48. Sau 36 ne ya fi amfani, ƙari a kan haka bai ƙara komai ba.

Kada a zuba 36 ɗin a zama ɗaya. Abin kamar rinin baba ne, marini yana tsoma ƙyalle ya ɗago ya sha iska, ya sake tsomawa, kuma da haka launi ke kamawa. Ki zaɓi kalmomi biyar kacal na mako, waɗanda yaron ke buƙata da gaske, ki sanar da duk mutanen gida, su riƙa fitowa wajen wanka, wajen cin abinci da wajen shiri. Laurence Leonard na Jami'ar Purdue ya ƙara nuna wani abu, cewa yaro ya fi riƙe kalma in ana ba shi damar tuno ta da kansa bayan ɗan tsaiko, a kan a yi ta faɗa masa kawai. Wato bayan ya ji ta da yawa, sai ki fara barin giɓi. Ki riƙe sabulu ki ce "mu shafa..." ki yi shiru. In bai cike ba ki cike masa, ba faɗa.

Kada kalmomin su zama sunaye zalla. Kalmomin aiki irin su buɗe, zuba, hau, sauka, ƙara, sun fi wuya a kan waɗannan yara, kuma da su ake haɗa jimla.

Ɗana yana karanta Fatiha da ƙananan surori ba gargada, yana kwaikwayon tallar rediyo, amma ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa.

Alhaji, wannan sananne ne a otizim. Yaron yana haɗiye magana dunƙule, da muryarta da waƙarta, ba tare da ya rarraba ta kalma-kalma ba. Malamin allo zai yaba masa, kuma ya cancanci yabo, domin alama ce ta kunne mai kyau da ƙarfin hadda. Amma hadda daban, amfani da kalma don neman abu daban.

Sau da yawa maimaicin nan yana da ma'ana. Yaron da ke cewa "kana son shayi?" yana nufin shi yake so, ya ɗauko jimlar ne yadda ya ji ta ranar da aka ba shi. Kada a hana shi. A ba shi jimlar da zai iya ɗauka yadda take, wato ka miƙa kofin kana cewa "ina son shayi" da bakinsa, ba da naka ba.

Ta san "kofi" in jan kofinta ne. In an kawo wani sai ta ƙi.

Yara da yawa tun wajen shekara biyu suna faɗaɗa suna bisa siffar abu, amma bincike ya nuna masu otizim ba su cika yin haka da kansu ba. A koya mata da kofi uku ko huɗu tun farko, na roba, na silba, babba da ƙarami, a ɗaki da tsakar gida, daga bakin mutane daban-daban.

A gida Hausa muke yi, a unguwa Fulatanci, a makaranta Faransanci. An ce mu daina Hausa mu koma Faransanci kawai.

Ban yarda da wannan shawara ba. Binciken da aka yi, har da na Catherine Hambly da Eric Fombonne a Kanada a 2012, bai sami ƙarin jinkiri ga yara masu otizim da ke jin harshe biyu ba in an kwatanta su da masu jin ɗaya. Ga masu matsalar harshe ma haka abin yake. Yaron Garwa da ke jin "ruwa" a ɗaki da "ndiyam" a ƙofar gida ba wannan ne ya hana shi magana ba, da haka ne da rabin garin bebaye ne.

Ku duba abin da shawarar ke jawowa. Uwar da Faransancinta bai wuce na gaisuwa ba za ta koma yin shiru, kaka ta fita daga lissafi, yaron da ke buƙatar jin kalma sau talatin ya koma jin ta sau uku. Kowa ya yi masa harshen da ya fi iyawa. In ana ƙirga kalmominsa kuma, a haɗa na duk harsunan.

In na ba shi waya yana natsuwa, har ya koyi ƙirga da Turanci.

Ƙirgan nan irin haddar da muka faɗa ce. A 2003 Patricia Kuhl ta gwada jarirai 'yan wata tara a Amurka da harshen Sin, zama 12. Waɗanda mutum ya zauna da su sun koyi bambance sautukan harshen, waɗanda aka nuna wa bidiyon mutanen kuwa ba su koyi komai ba. Waya ba ta san inda yaro yake kallo ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara biyu allon kallo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Na san akwai lokacin da tuwo ke kan wuta kuma babu mai riƙe shi. A yi ƙoƙari dai kada ta cinye yinin.

In na koya masa nuni da hannu ko hotuna, ba zai yi ƙyuyar magana ba?

A'a. Bincike bai nuna suna hana magana ba, wasu yaran ma ta nan bakinsu ke buɗewa. Akwai tsarin musayar hoto mai suna PECS da Andy Bondy da Lori Frost suka fara a Amurka a 1985, inda yaro ke miƙa hoton abin da yake so a ba shi. A gida ana iya somawa da ledar biskit da ba komai ciki, ko hoton moɗarsa da aka wanke a wajen mai hoto. Duk lokacin da ya miƙo, a faɗi kalmar a ba shi abin. Yaron da ya sami hanyar neman abu yakan rage ihu da buga kai.

Surukata ta ce a kai shi wajen wanzami a cire beli ko a tsaga ƙarƙashin harshe.

Kada a kai shi. Jinkirin kalmomi daga yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa magana yake, beli ba ruwansa. Abin da aska ke iya jawowa shi ne zubar jini da shigar ƙwayar cuta.

Allurar rigakafi ce ta jawo? Ko shafar aljanu?

Maganar rigakafi ta samo asali daga wata takarda da Andrew Wakefield ya wallafa a Ingila a 1998. Mujallar da ta buga takardar ta janye ta a 2010, shi kuma aka soke lasisinsa na aikin likita. A 2019 an wallafa binciken yara sama da 650,000 a Denmark, ba a sami wata alaƙa tsakanin rigakafin ƙyanda da otizim ba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne alamomin suna bayyana a shekarun da ake yin alluran. Gado ne ke da kaso mafi girma, kuma ba laifin tarbiyyar uwa ba ne.

Addu'a kuwa ba mai hana iyaye yi wa ɗansu. Abin da za a ƙi shi ne duka, ɗauri, turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da mai maganin da zai sa a sayar da akuya da alkawarin yaro zai yi magana cikin kwana bakwai.

Ɗan fari ne, ina jin kunyar zama ina masa surutu a gaban surukai.

An fahimta, 'yar'uwa, kuma ba sai kin yi a gabansu ba. Minti goma a ɗaki, sau biyu ko uku a yini, ya isa somawa. Sannan gidan yawa yana da ribarsa, domin kaka ba ta da wannan kunyar kuma tana da lokaci, yayye kuwa sun fi kowa iya tsugunawa a ƙasa. A koya musu abu biyu kawai: su faɗi sunan abin da yake kallo, su jira. Goyo ma a lura da shi, yaron da ke baya yana jin murya amma ba ya ganin baki, saboda haka a riƙa sauke shi a zauna fuska da fuska.

Ina za mu kai shi a nan arewa?

A fara da likitan yara a asibitin yanki na Garwa, Marwa ko Ngaundere, a nemi a tura ku wajen likitan kunne. Masu gyaran magana, waɗanda ake kira ortofonis, kaɗan ne ƙwarai a ƙasar, kuma yawancinsu suna Yawunde da Duwala. A Yawunde akwai cibiyar gwamnati ta naƙasassu mai sunan Kardinal Paul Emile Léger a unguwar Etoug-Ebe. In za a yi wannan doguwar tafiya, mota zuwa Ngaundere sannan jirgin ƙasa na dare, a tafi da gajerun bidiyo na yaron yana wasa a gida da jerin kalmomin da yake faɗa da waɗanda yake ganewa, domin a ɗakin likita ba zai nuna rabin abin da ya iya ba. A roƙi a rubuto abin da za a riƙa yi a gida.

A tuntuɓi ofishin jin daɗin jama'a na gunduma a kan katin naƙasa. Dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi kariya da tallafin karatu ga masu naƙasa.

Ta shekara huɗu, kalmominta ba su kai goma ba. Za ta yi magana kuwa?

Ba wanda zai iya yanke wa yaro ɗaya hukunci, amma akwai alƙaluma. A 2013 masu bincike a cibiyar Kennedy Krieger da ke Amurka sun duba yara 535 masu otizim waɗanda a shekara huɗu ba sa haɗa jimla. Daga shekara takwas zuwa sama, kashi 70 cikin 100 suna haɗa aƙalla gajerun jimloli, kashi 47 na duka yaran kuma har suna magana sosai. Waɗanda suka fi saurin kamawa su ne masu basirar warware abu da hannu da ido, da masu ɗan neman mu'amala da mutane. Akwai kuma kaso, wajen ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na masu otizim, da ke girma da kalmomi kaɗan ko babu. Saboda su ne ake fara hotuna da nuni tun yanzu, tare da magana, ba sai an jira an ga ko bakin zai buɗe ba.